Motar da ta yi wasa daren Lahadi ba ta kai yara makaranta ranar Litinin

Duk bakaniken da aka kawo wa mota, ya leƙa kujerar baya ya ga takalmin makaranta da gorar ruwan yara, sannan ya ɗauko walda ya kulle aksul ɗin bayanta don an miƙo masa kuɗi, wannan ba abokin sana'ata ba ne. Na faɗa a gareji, na faɗa a majalisa, yau kuma zan rubuta, domin abin da ya sami iyalin wani kwastomana a daminar nan har yanzu yana ci mini rai.

Matashi ne mai shago a Kantin Kwari, yana zaune nan bayanmu a Kwaciri da matarsa da yara biyu. Tun yana hawan Golf nake masa aiki. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya sayi BMW E46 'yar Kwatano, mai giyar hannu, inji lafiya lau, ko ɗigon baƙin mai ba ta zubarwa. Ba a daɗe ba na fara ganin abin da ban so. Tayoyin baya sun suɗe, na gaba kamar jiya aka ɗaura su. Kuloci yana ƙauri. Bushin ɗin baya da na sa masa sababbi sun yi laushi tun kafin lokacinsu. Mota ba ta ɓoye wa bakanike abin da ake yi da ita.

Na ce, "Ƙanina, wasa kake yi da motar nan?"

Ya yi dariya ya ciro waya ya nuna mini. Ga shi nan a tsakiyar titi da daddare, motar na juyi tana hayaƙi, samari sun kewaye suna ihu suna ɗauka. Wani bidiyon kuma a rakiyar amarya ne, ana saura ƙiris ya shafi wata mai tallan gyaɗa, su kuwa shewa suke. Daga nan ya jero abin da ya kawo shi: a kulle aksul, a sa masa hambirki mai mai, a kashe DSC, na'urar da ke hana mota zamewa, gaba ɗaya don kullum sai ya danna maɓalli, a sauya sitiyari da ƙarami.

Na ce masa ba zan taɓa ba. "Je ka nemo wata tsohuwa ko bodinta ya ruɓe, ka kawo, in yi maka duk abin da kake so har da ƙari. Wannan maman yara tana tuƙa ta."

Ya ce, "Oga, kai dai tsufa ne ya zo. Minti talatin ne aikin nan."

Gaskiyarsa, minti talatin ne. Ya sami wanda ya yi masa a gindin wata bishiya, mai injin walda ɗaya da janareta, wanda ko man aksul ɗin bai wanke ba kafin ya ɗiga wuta. Daga nan ya daina kawo mini motar sai canjin mai, shi ma yaro yake aikowa da daddare ya tsaya a kai.

Abin da ya biyo baya daga bakin matarsa da yayanta na ji shi. Ta yi ta ce masa motar tana tsalle idan za ta karya kwana, tayar baya tana kuka ko a ƙofar gida. Ya ce alaimen ne, Oga zai duba. Da sunana ya rufe mata baki. Daren wata Lahadi ya ɗaura tsofaffin tayoyin Beljiyam a baya, irin waɗanda suke saye don ƙonawa, ya tafi wajen abokansa. Ya dawo wajen ƙarfe biyu a gajiye, ya ce da safe ya mayar da masu kyaun. Da asuba aka tsuge da ruwa. Yana barci, yara za su makara, ta ɗauki makulli kamar kullum.

A wani shataletale a hanyar Katsina ne. Ba gudu take ba, masu adaidaita sahun da suka gani sun shaida. Tana fitowa daga kwanar ta taɓa totur yadda ta saba, baya ya kwashe. Ba DSC da zai kama mata. Ta taka birki, motar ta juya da su, ta daki gefen titi, ƙugunta ya haɗu da turken fitila daidai inda yarinyar take zaune. Yarinyar ta karye a cinya. Ƙanenta an yi masa ɗinki a goshi. Ita uwar ta karye a wuyan hannu, haɓarta ta fashe a kan ƙaramin sitiyarin nan da ba shi da iyabag. Wani mai adaidaita ne ya kwashe su zuwa asibiti, Allah Ya saka masa.

Da aka jawo mini motar na shiga ƙarƙashi da kaina, ban bar yara ba. Tayar baya ta dama waya ta fito fili, idan ka shafa sai ta soke ka, kwanan watan da ke jikinta ya haura shekara goma. Na kwance murfin aksul, man ya zubo baƙi da tsakuwar walda a ciki kamar an zuba masa yashi. Layin hambirkin da aka ƙara, tiyo ne na banza aka ɗaure da kilif, yana jiƙe da man birki. Inda sabfirem ya kama bodi kuwa, wanda duk mai aikin E46 ya san nan ne rauninta ko ba a wasa da ita, ya tsage har ina zura ɗan yatsa. An maƙala rizisto a wayar sitiyari don kada fitilar iyabag ta kama a dashbod. Wato wanda ya yi aikin ya san abin da ya cire, kuma ya ɓoye.

Bayan kwanaki ta zo garejin, yayanta ya kawo ta, hannu a rataye. Ta gaishe ni ta zauna a kan bencin yara, ta ce, "Baba, don Allah tambaya ɗaya. Laifin tuƙina ne?"

Ashe a can dangin miji maganar da ake yi ke nan, wai mace da tuƙi cikin ruwa, wai ita ta ja wa 'yarta. Shi kuma yana ji, ya yi shiru. Wannan shirun ya fi waldar ɓata mini rai.

Na ce, "'Yar nan, taso ki gani." Na sa aka ɗaga bayan motar, na juya taya ɗaya da hannu, na nuna mata ɗayar. Na ɗora mata wayar tayar a tafin hannunta mai lafiya. Na gaya mata ko ni na tuƙa motar nan a wannan ruwan ban san an kulle ta ba, abin da zai same ni ke nan. Ba ta yi kuka ba. Tambayata ta shiga yi: nawa ake sayar da taya, sau nawa ake canzawa a wata, nawa ne kuloci, mai nawa take sha a dare ɗaya. Ina ba ta amsa tana lissafi da baki. Nan yayanta ya ji cewa zangon da ya wuce sai da aka koro yaran saboda kuɗin makaranta, kuma kwasar adashinta guda mijin ya karɓa da sunan kaya sun maƙale a hanya. Yanzu tana gidansu, manya na ta kai da kawowa. Yarinyar an ce sai ta daɗe kafin ta taka.

To ku ji, masu wasan mota. Motar wasa daban, motar iyali daban. Idan ba ka da halin riƙe biyu, ba ka da halin wasa. Abin da ka canza a motar da matarka ke hawa, haƙƙinta ne ta sani kafin ka canza. Kuɗin taya ba ya fitowa daga kuɗin cefane.

Ni ba maƙiyin gudu ba ne, kada a fassara ni. Wanda ya tashi a gareji yana jin labarin 504 ba zai ƙi tsere ba. Motar da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar ce kuma ta ci gasar Safari ta Kenya, kuma iyayen gidanmu da haka suke yi mata kirari. Gasar Paris zuwa Dakar tun fitowarta ta farko a 1979 ta bi ta Agadas da Yamai, mutanen Nijar sun sha kallo, kafin ta koma Amurka ta Kudu a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya. Nan gida ma bikin kamun kifi na Argungu yana da nasa tseren motoci, a Maris na 2020 daga Abuja suka taso. Amma dubi yadda masu abin suke yi. Motar an yi ta ne don haka kawai, an cire kujerun baya, an kewaye ciki da ƙarfe, ga hular kwano, ga bel mai kama kafaɗu biyu, ga abin kashe gobara, ga likita yana jira. Idan an gama a ɗora ta a kan tirela a mayar da ita gareji. Ba wanda ke ɗaukar uwargida zuwa awo a cikinta. Mu da muka san doki ai bai kamata a gaya mana ba: ingarman da aka horar don sukuwa ba a ɗora masa yaro a aike shi kai niƙa.

Saudiyyar da take karɓar baƙuncin Dakar, ita ce kuma tun 2016 ta sa tarar riyal 20,000 a kan wanda aka kama yana irin wannan juyi a titi a karon farko, na biyu 40,000, na uku 60,000. Ba su hana tsere ba, titi suka hana. Mu nan 'yan sandan Kano sun sha fitar da sanarwa gab da Sallah suna haramta tseren mota da kilisa, ga KAROTA masu kula da titi a kan hanya tun 2012, amma da an ɗaura aure sai ka ji ƙarar taya daga layi uku. Abokan ango ne wai suke nuna farin ciki. A titin da ake yi, akwai almajiri, akwai mai shayi, akwai tsohuwar da ke tsallakawa.

Akwai wani kwastomana da ke yin abin da hankali, shi ya sa na san ana iyawa. Tsohuwar Marsandi ce ya ajiye a wajena, ba ta kwana a gidansa, ba ta hawa titi sai a jaye. Matarsa ta san da ita, ta san abin da yake ware mata a wata, kuma watan da aka yi haihuwa ko kuɗin makaranta ya taso, motar haka take zama a lulluɓe, ƙura ta rufe ta. Ba ya fita daren Lahadi. Ban taɓa jin an zo biko saboda shi ba.

Sauran kuwa, kullum maganar ɗaya ce. A kawo mota a ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai tana zafi, alhali kai ne ka riƙe ta a jan layi minti goma tana tsaye wuri ɗaya. A yanke sifirin da abin yankan ƙarfe don ta zauna ƙasa. A fasa salansa a cire indomi a sayar, a zo ana tayar da jarirai da tsakar dare. Man birki shekara huɗu ba a taɓa shi ba, ya koma ruwan shayi, kuma da shi ake son a tsaya daga gudu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke kukan tsada, amma mai wasa zai ƙone tanki guda a dare ya zo yana roƙona ragi a kan birki. A kan birki! Ya je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a nuna masa mai kyau da marar kyau, ya ɗauki marar kyaun don canjin ya isa taya.

Tayar wasa kuma, a cire ta a daren. A daren, ba da safe ba. Idan ka gaji da yawa har ba ka iya ɗaga jak, to makullin ya kwana a aljihunka. Kada ka bar shi a inda aka saba ɗauka. Kuma kada ka ce wa matarka alaimen ne.

Iyaye masu saya wa yaro ɗan sakandare mota mai jan baya, ku ma ina ganinku.

Ku matan aure, ba sai kun iya kanikanci ba. Idan tayoyin baya na ƙarewa kafin na gaba, idan motar na tsalle a ƙaramar kwana, idan kin shiga da safe kin ji ƙaurin roba, idan sitiyarin ya sauya ko wani sabon ƙarfe ya tsiro kusa da giya, kada ki ɗauki yara a ciki sai wanda kika yarda da shi ya duba. Ki zo da ɗan'uwanki idan kina jin nauyi. Ba a biyan kuɗin tambaya a garejina.

'Yan'uwana kanikawa da masu walda da rewaya, ku tambayi wa ke hawa motar kafin ku kunna wuta. Wanda ya sa rizisto ya kashe fitilar iyabag ya san ba gyara ya yi ba.

Sai masu sayen mota ta hannu, domin irin waɗannan idan sun gaji ba a jefar da su. Fanabita ya buga, mai fenti ya fesa, a wanke inji, a kai wa dillali, wani magidanci ya saya yana murna ya samu araha. Kafin ka biya kuɗin BMW ko Marsandi da ta zaga gari, sa a ɗaga bayanta duka biyu, a bar ta a giya, ka juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya ta wancan gefen, to da sauƙi. Idan ta ƙi motsi, ko an saki giya sun tafi tare ba mai iya riƙe ɗaya, sa a kwance murfin aksul a gabanka. Idan dillali ya ce ba lokaci, bar masa motarsa.