Kafin ku nufi tafkunan duwatsun Abzin

Aikina jagorancin baƙi ne a cikin duwatsun Abzin, kuma a 'yan shekarun nan baƙin nawa sun sauya. A da Turawa ne, jirgi ke kwaso su daga Faransa ya sauke su Agadas lokacin sanyi, har tawayen 2007 da sace-sacen mutanen da suka biyo baya suka tsayar da wannan kasuwa. Yanzu masu kirana 'yan gida ne: ɗalibai, ma'aikata masu hutu, samarin Damagaram da Maraɗi da Yamai waɗanda suka ga hoton magangarar ruwan Timiya a Facebook suka ce sai sun taka da ƙafarsu. Wannan yana faranta mini rai ƙwarai, don ƙasarmu ce, mu ya kamata mu fi kowa saninta. Sai dai na lura ɗan gida ya fi baƙon nesa sakaci, saboda yana ganin ai gida ya zo. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Tafkin dutse ba irin tafkin da kuka sani a kudu ba ne. Abzinawa na kiransa agelmam: ruwan damina ne da ke taruwa a kwarmin dutse, inda inuwa ke kare shi daga rana, wani kuma idon ruwa ke ciyar da shi ta ƙasa har ya kai wata daminar. Na Timiya, kimanin kilomita 220 arewa da Agadas, shi ya fi suna, ruwa na gangarowa ta kan baƙin dutse ya zuba cikinsa. Akwai wasu a kwazazzaban dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa Idukal-n-Tagas ta kai mita 2,022, babu inda ya fi ta tudu a Nijar. A ƙasar da ruwan shekara guda bai cika kai milimita 200 ba, kowane ɗaya daga cikin waɗannan tafkuna yana da masu shi. Makiyayi ya san shi, akuyarsa da raƙuminsa sun san shi, ragon dutse da biri suna saukowa sha idan ƙafa ta ɗauke.

To a nan ne nake yawan samun saɓani da ƙannena masu yawon shaƙatawa. Mutum ya sha tafiya, ya yi gumi, da ya hango ruwa sai ya ciro sabulu. Wannan ruwa ba ya gudu a mafi yawan watannin shekara, duk abin da ka zuba masa yana nan zaune har wata ambaliyar ta wanke shi. Kumfar da ka bari yau, ita yarinya mai kiwo za ta tarar gobe idan ta zo cika salkarta. In wanka za ka yi da sabulu, ɗebi ruwa a bokiti ka matsa nesa kan yashi. Haka wankin kwano, haka kama ruwa. Fitsari a cikin ruwan kwance kuwa shi ne hanyar da tsargiya ke bi ta yaɗu, kuma mai shiga yana iya kwasowa ya kai gida bai sani ba. Ruwan sha kuwa, a tafasa shi tukuna, komai garai-garai ɗinsa. Leda da gwangwanin sardin da robar ruwa, yadda kuka zo da su haka za ku koma da su Agadas. Akuya na cin leda ta mutu, kuma akuyar nan ita ce dukiyar wani gida.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne kori, wato kwarin yashin da ruwa ke bi. Babu wurin da ya fi shi daɗin sauka: yashi mai laushi, inuwar itatuwa, iska ba ta dukan ka. Amma dutsen Abzin ba ya shan ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba, hadari na iya zubarwa can saman dutse, nesa da kai sosai, alhali sararin da ke kanka tas yake da taurari. Duk ruwan nan zai taru ya biyo kwari ɗaya, ɗauke da itace da duwatsu, ya iso cikin dare da ƙugi kamar na manyan motoci. Mutanen Agadas ba sa bukatar a ba su labari: a farkon Satumbar 2009 ruwan korin Telwa ya fasa madatsa ya shiga gari, ya rusa dubban gidaje. Wanda ya iya wa birni haka, me zai bar wa mutum biyar da tabarma? Kafin ku shimfiɗa, ku ɗaga kai ku dubi rassan itatuwan bakin kori. Inda kuka ga busasshiyar ciyawa da shara sun maƙale, nan ruwan bara ya kai, sai ku kwana sama da wurin. In kun tarar kori na gudu, direba ya kashe mota a jira. Sau da yawa cikin 'yan sa'o'i yake janyewa, kuma duk direban kirki a Abzin ya saba da wannan jira, yana dafa shayinsa. Kada kuma ku tsani wannan ruwa, don shi ke nutsewa cikin yashi ya cika rijiyoyin da ke shayar da lemu da rumman da inabin Timiya, da albasar Tabelot da ake lodi zuwa kudu.

Sai tsalle. Samari na son hawa kan dutse su faɗa ruwa a ɗauke su a waya. Zurfin tafkin dutse ba ya tsayawa wuri guda: ambaliyar bana na iya cike gurbin da yashi, ko ta mirgino dutse ta ajiye daidai inda aka yi tsalle bara lafiya. Ruwan yana da sanyin da ke ɗaure jijiya, bakinsa ga santsin gansakuka, kuma yawancinmu ba a bakin gulbi muka tashi ba, iyonmu kaɗan ne. Akwai ƙaramin gidan likita a Timiya, amma karayar baya ko fashewar kai sai an dangana da Agadas, a kan hanyar duwatsu da ke cin mafi yawan yini. Na taɓa riƙe wanda ya karye a bayan mota a irin wannan hanya, ba na fatan ko maƙiyina ya ji abin da ya ji.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: damina ta wuce, tafkuna na da ruwa, rana ba ta kai ta bazara ba. Amma daren Disamba da Janairu a kan Bagzan sanyi na iya kusan daskarar da ruwa, don haka bargo mai kauri da rigar sanyi wajibi ne, da takalmi mai rufe ƙafa maimakon silifa. Hawan Bagzan da ƙafa ake yi, jakai na ɗaukar kaya, kuma a fara da asuba.

Ku sanar da jandarmomi hanyarku da ranar dawowarku kafin ku bar Agadas, ku kuma tambaye su halin da hanya take ciki a wannan makon, don yana sauyawa. Kada direba ya saki sawun da motoci suka saba bi, saboda an binne nakiyoyi a wasu wurare lokacin tawaye. Waya ba ta kamawa a yawancin kwazazzabai. Idan kun isa ƙauye, ku fara da gaida maigari, ku nemi izini kafin ɗaukar hoton mata ko shiga garka. Ku ɗauki ɗan garin ya raka ku tafkin, ku biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba. Shi ya san gurbin da ake sha da wanda ake shayar da dabba, ya kuma san inda ruwa ya ci mutum. Lemu da cuku da dabinon guzurin komawa, a hannun masu garka da matan garin za ku saya.