Kwamfutar Haya a Gajimare: Yadda Ake Fara Ba Ta Umarni a Rubuce

Jama'a, a yau ba sai mutum ya sayi ƙatuwar kwamfuta, ya nemo mata janareta da na'urar sanyaya ɗaki, kafin ya kafa shafin intanet ko manhajar kasuwancinsa ba. Haya ake kamawa. Wannan 'yar takarda za ta nuna wa mai karatu abin da ake kamawa hayar, da yadda ake sarrafa shi, da wurin da masu koyo suka fi tafka asara.

Mece ce kwamfutar gajimare?

Kada sunan ya ruɗe ka, ba a sama take ba. Manyan kamfanoni ne suka gina gidaje maƙil da na'urori, suka sa wata manhaja ta rarraba kowace na'ura kashi-kashi, yadda mai gidan haya yake raba gidansa ɗaki-ɗaki. Kowane kashi yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006 da sunan EC2, sannan Microsoft da Google suka shigo kasuwar. A Afirka ta Kudu, Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a 2019, Amazon ya buɗe tasa a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024.

Don me za a rubuta umarni?

Kowane kamfani yana da shafi mai hotuna da maɓallai. Amma shafin nan nauyi gare shi, in sabis ya yi rauni sai ya yi ta juyawa yana cinye data. Rubutaccen umarni kuwa 'yan haruffa ne. Banda haka, abin da ka rubuta yau kana iya adana shi ka maimaita gobe a kan kwamfuta goma ba tare da ka tsallake mataki ba.

Mataki na farko: gabatar da kai

Za ka saka 'yar manhajar kamfanin a kwamfutarka. Ta Amazon sunanta aws, ta Microsoft az, ta Google gcloud. Buɗe tagar rubuta umarni ta kwamfutarka, in na Amazon kake amfani da shi ka rubuta:

aws configure

Za ta tambaye ka abu huɗu: lambar shaidarka, lambar sirrinta, yankin da kake so, da fasalin da za a riƙa kawo maka amsa. Ka riƙe sunan yankin da kyau. Kwamfutar da ka kunna a Cape Town ba za ta fito ba in ka nemi jerin na Landan, amma kuɗinta yana nan yana hawa.

Mataki na biyu: kwaɗo da makulli

Ana shiga kwamfutar haya ta hanyar da ake kira SSH, wadda wani mutumin Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro a 1995. Rubuta ssh-keygen, sai ta ƙera maka fayil biyu. Wanda sunansa ya ƙare da .pub shi ne kwaɗo, shi za ka liƙa a ƙofar kwamfutar hayar, ko wa ya gan shi babu laifi. Ɗayan shi ne makulli. Wannan ba a aika shi ta WhatsApp, ba a ba aboki aro. Bayan ka kama hayar kwamfutar, ga yadda ake shiga in tana aiki da tsarin Ubuntu:

ssh -i makulli ubuntu@adireshinta

A karon farko za ta tambaya ko ka amince da wannan baƙuwar na'ura, ka rubuta yes. Nan take rubutun gefen hagu zai canza. Daga wannan lokaci duk abin da ka buga a can yake aiki, ba a kan teburinka ba. Ƙofar da SSH ke bi lambarta 22, kuma ɓarayin intanet suna da na'urorin da ke zagayawa dare da rana suna taɓa irin wannan ƙofa. Saboda haka ka taƙaita ta ga adireshinka kaɗai.

Da ka shiga, fara da sudo apt update, sannan sudo apt upgrade, don a toshe ɓarakar da aka riga aka gano. In aikinka mai tsawo ne, buɗe manhajar tmux a cikinta tukuna. Ko sabis ya ɗauke, ko an ɗauke wuta, aikin yana ci gaba a can, ka dawo ka tarar da shi.

Mataki na uku: kashewa

A nan ne kuɗi ke zurarewa, kuma da dala ake lissafi. Kwamfutar haya ba ta san ka yi barci ba. A Amazon, umarnin stop-instances yana tsayar da ita, kuɗin aiki ya tsaya, amma na ma'ajiya yana ci gaba. Shi kuwa terminate-instances rushe ta yake yi ɗungurungum, yawanci har da abin da ke cikin babbar ma'ajiyarta, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Umarni zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. A Azure akwai wani tarkon: az vm stop yana kashe ta amma ana ci gaba da cajin ka, sai ka rubuta az vm deallocate kuɗin aikin zai tsaya.

Nasiha ga mai farawa

Kama mafi ƙanƙantar kwamfuta ka yi koyo a kanta. Sa a riƙa yi maka gargaɗi in kuɗi ya kai wani adadi. Kwafi muhimman bayananka tun lafiya lau, don ba a fafe gora ranar tafiya. Karanta umarni sau biyu kafin ka danna, musamman wanda ka kwafo daga wani wuri. Kowane dare kuma, kafin ka rufe kwamfutarka, yi kamar mai shago da ke zagaya rumfarsa yana duba fitilu: rubuta aws ec2 describe-instances, ko az vm list -d, ko gcloud compute instances list, ka ga abin da ka bari a kunne.