Zaɓen Ƙaramar Kwamfutar Kallo ta Gida

Ƙaramar kwamfutar kallo na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu girma ba, wadda ake jona wa talabijin domin ta karanta fim daga intanet, ko daga katin waya, ko daga kile, wato ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake sokawa a jikin na'ura, sannan ta nuna shi a fuskar talabijin. Mafi yawan waɗanda ake samu a kasuwa akwatunan Android ne ƙirar ƙasar Sin, akwai kuma Raspberry Pi ta Birtaniya, wadda ta fara fitowa a 2012. A gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, inda kuɗin intanet yake da nauyi ga talaka, iyalai da yawa wajen masu turi, wato masu tura fim a waya ko kile, suke samun fina-finan Kano da wa'azi da bidiyon koyar da noma, saboda haka na'urar da ta dace da su ita ce wadda za ta karanta duk abin da aka tura musu ba tare da sarƙewa ba.

Hoton da ke fuskar talabijin tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, kuma yawansu shi ne ma'aunin kyawunsa. Hoto mai ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye shi ake kira HD, mai 1920 da 1080 shi ne cikakken HD, mai 3840 da 2160 kuwa shi ne 4K. Fim jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, galibi 24 zuwa 30 a daƙiƙa guda, har ido ya gan su a matsayin motsi. Hoto ɗaya na cikakken HD yana da ɗigo fiye da miliyan 2, ke nan na'urar da ke nuna hotuna 25 a daƙiƙa tana sarrafa ɗigo sama da miliyan 50 a kowace daƙiƙa.

Da za a ajiye waɗannan ɗigo yadda suke, da fim ɗaya ba zai shiga kile ba, shi ya sa ake matse shi ta wata dabara, na'urar kallo kuma ta warware matsin a daidai lokacin da ake kallo. Dabarun da suka fi yaɗuwa biyu ne: H.264, wadda aka amince da ita a 2003, da H.265 ta 2013, wadda ke iya rage girman fim zuwa kusan rabi ba tare da hoton ya lalace ba, sai dai warware ta ya fi wuya. A nan ne na'urori suka bambanta. Wasu suna da wani sashe a cikin ƙwaƙwalwarsu wanda aka ƙera musamman domin wannan aiki, wasu kuma ba su da shi, sai babbar ƙwaƙwalwar ta ɗauki nauyin da kanta, kuma tazarar da ke tsakaninsu kamar ta injin niƙa ce da turmi. Na'urar da ba ta da sashen takan fara fim lafiya, amma da an zo wurin da motsi ya yi yawa, kamar rawa ko gudun doki, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tsalle, murya ta wuce gaba, a ji magana ta ƙare alhali bakin mai maganar bai daina motsi ba. Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, tana warware H.264 da H.265 da wannan sashe, haka ma akwatunan Android masu ƙwaƙwalwar Amlogic S905. Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ke nan: shin tana karanta H.265?

Zafi ma yana da nasa hannu. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Tawa yana wuce digiri 40, ƙwaƙwalwar na'ura kuwa idan ta yi zafi da yawa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, daga nan sai sarƙewa ta fara bayan rabin awa ko fiye. Don haka akwati mai ramukan shan iska ya fi rufaffe, kuma bai kamata a ɗora shi a bayan talabijin ko a lulluɓe shi da ƙyalle yana aiki ba, ko da niyyar kare shi daga ƙurar hunturu ce. A bari sai an kashe shi ya huce.

Batun wuta a wannan yanki ba a rena shi. Kamfanin wutar lantarki na NIGELEC yana dogaro sosai da wutar da ke zuwa daga Nijeriya, kuma ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 a Malbaza a 2018, yankewar wutar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ta nuna wa kowa raunin abin, balle ƙauyukan da wayar wuta ba ta kai ba, inda faifan hasken rana da batir ne madogara. Ƙaramin akwatin kallo yana cin wat 5 zuwa 10, talabijin mai shafaffiyar fuska ta inci 32 kuma kimanin wat 40. Batir mai bolt 12 da amfiya 50 yana riƙe da wat 600 na awa guda, amma rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana son ya daɗe, wato 300, wanda zai ba akwati da talabijin kusan awa 6 na kallo. Tsohuwar kwamfutar tebur, wadda ita kaɗai tana iya cin wat 100, ba za ta kai rabin haka ba.

Igiyar da ke haɗa akwati da talabijin ita ma sai an duba. HDMI ce ke ɗaukar cikakken hoto da sauti tare, amma tsohuwar igiya mai kawuna uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar HD ko kaɗan, saboda haka mai tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ba zai ga wani bambanci ba komai tsadar akwatinsa. Haka nan kilen da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fim ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai an mai da shi exFAT.

Abin takaici shi ne kwalin na'ura ba abin yarda ba ne, domin akwai akwatuna masu araha da ake rubuta wa 4K da manyan lambobin ma'aji alhali abin da ke ciki bai kai ba, kuma manomin da ya tara kuɗin albasarsa ta kwarin Tarka shi ke asara. Wanda zai saya, a Madawa ne ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi, ya tafi da kilensa ɗauke da fim mai 1080 wanda aka matse da H.265, ya nemi a kunna masa a shagon ta manhajar VLC ko Kodi, ya bar shi ya yi aƙalla minti 20, ya tura gaba ya dawo baya, sannan ya taɓa jikin akwatin ya ji zafinsa. Idan mai shago ya ƙi yarda da wannan gwaji, to kada a saya a wurinsa.