Amsar Tambaya: Kiran likita da Sifaniyanci

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Yendi, ina aiki da likita ɗan Kuba. Yaya zan ce masa "zo" da Sifaniyanci ba tare da raini ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kin kyauta da kika tambaya. Sifaniyanci yana bambanta umarni kamar yadda muke bambanta "zo" da "ku zo". Ven na ƙawa ne ko yaro. Likita kuwa ki ce masa venga, ki ƙara por favor. Haka "jira": espera ga tsara, espere ga babba.

Hani ne ke rikita masu koyo. "Kada ka zo" no vengas ne, ga babba no venga. Idan likitoci biyu ne za ki kira, "ku zo" vengan ne. Venid, wanda shi ma "ku zo" ne, na mutanen Sifaniya ne, a Kuba ba a amfani da shi.