Hutun Kaka a Maƙwabtan Beyar

A Amurka mutane kan tafi hutu lokacin kaka, su sauka a ɗakunan katako da ke kan tsaunuka. Wanda ya sauka a yankin gandun dajin Yellowstone yana da maƙwabciyar da ya wajaba ya san halinta, wato beyar, wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi da zara-zaran farata.

Me ya sa ake ƙara taka-tsantsan da ita a kaka? Dalili shi ne yunwa. Beyar takan kwanta cikin rami kimanin wata 5 na hunturu, ba ci, ba sha, ba fitsari, bugun zuciyarta kuma ya sauko daga kimanin 40 a minti zuwa ƙasa da 20. Kitsen da ta tara shi ne rumbunta. Saboda haka a Satumba da Oktoba ci take yi ba ji ba gani, har takan ƙara fiye da kilo 1 a rana.

Hancinta kuwa ya fi na kare kaifi. Ƙanshin suya, ko ragowar abinci a kwandon shara, kai har man goge baki, na iya kawo ta bakin ƙofa. Shi ya sa ake kulle abinci da shara cikin akwatin ƙarfe, a kuma wanke tukwane kafin a kwanta.

Abin tausayi, ita beyar ce ta fi cutuwa. Wadda ta ɗanɗana abincin mutane takan daina tsoronsu, ta riƙa dawowa, daga ƙarshe sai an kashe ta. Wannan ne ya sa a 1970 hukumar gandun ta tsananta dokar hana ciyar da beyar, ta kuma shiga rufe jujin da suke kiwo a kai.