Idan Littafinki Ya Tsaya a Shafi Na Ashirin

Kin fara littafi da zafi, kullum kina sakin shafi a guruf ɗin WhatsApp. Yanzu sharhin masu karatu ya ja baya, ke ma jikinki ya yi sanyi, in kin ɗauki waya za ki rubuta sai hamma. Matsalar ita ce kin rataya kuzarinki a kan abin da ba ya hannunki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata marubuta, tana samun ɗaruruwan labarai, amma matakan nasara uku ne kacal. Sauran da suka ci gaba da rubutu bayan an rufe gasa, zaman rubutun kansa ne ke musu daɗi. Shi za mu gyara.

1. Gobe bayan sallar asuba, kada ki kunna data. Ki ba rubutu minti talatin kafin kowa ya ce "ina shayi?" In kin fara leƙa sharhi, muryar mutane ce za ta cika miki kai, ta taurarinki ta ɓace.

2. Ki fara da wurin da ke miki ƙaiƙayi. Babu dokar da ta ce sai kin gama babi na huɗu kafin na tara. Idan ranar da uwargida ta gano sirrin mijinta ce ke hana ki barci, ita za ki rubuta gobe. Mafi yawan gajiyar marubuta tana zuwa ne wajen haɗa gada tsakanin manyan fage biyu: ta tashi, ta yi wanka, ta shirya, ta hau mota. Wallahi masu karatu ma tsallake wannan suke yi. Layi biyu sun isa, ki wuce inda ake dambarwar.

3. Ki tsaya tun ba ki ƙoshi ba. Marubucin nan na Amurka, Ernest Hemingway, yakan ajiye aikin rana ne a daidai inda ya san abin da zai biyo baya. Ki bar tauraruwarki da hannu a kan ƙofa, gobe da kanki za ki ƙagara ki buɗe.

4. Ranar rubutu daban, ranar gyara daban. Mai tuƙa tuwo ba ta tsayawa share murhu. A ranar gyara ki karanta hirarrakin da ƙarfi. Inda harshenki ya sarƙe, nan ne mutanenki ba sa magana kamar mutane.

5. Ki daina sakin shafi a ranar da kika rubuta shi. Wannan ce shawarar da aka fi yi min gardama a kai, kuma ita ce ta fi aiki. Ki tara shafuka goma a ajiye, sannan ki riƙa fitarwa sau biyu ko uku a mako. Da haka "Anti, ina ci gaba?" ba zai zama bulala a bayanki ba, kuma wata ba za ta sa ki kashe tauraron da kike so don kawai ta yi fushi da shi ba. Aiki ma yana da nasa lokacin: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, sai a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya.

6. Ki fita da kunnuwanki. A cikin adaidaita sahu, a gidan suna, a layin awo, mutane na zubar da magana mai daɗi kyauta. Duk wadda ta ba ki dariya, ki adana ta a waya nan take, ki saka ta a bakin wata a cikin labarinki. Banda sirrin mutane.

7. Ranar da jiki ya ƙi, ki yi minti goma. Idan bayan nan ma ya ƙi, ki rufe, ki rubuta jimla ɗaya tak ta abin da zai faru gobe, ki sa waya a caji.