Yadda za ka saka manhaja a kwamfutar da ba ta da intanet, da taimakon wayarka

Da yawa daga cikinmu data a waya take, kwamfutar kuwa tana shago ko makaranta, inda ko sabis babu. Duk da haka za ka iya saka manhajojin da ake bayarwa kyauta kuma lambobin gininsu a buɗe suke, irin su LibreOffice da VLC da GIMP. Wayarka ce za ta yi dakon kayan.

Idan Windows ce

Shiga ainihin shafin manhajar da wayarka, ka sauke cikakken fayil ɗin sakawa: na LibreOffice yana ƙarewa da .msi, na VLC da .exe. Ka tura shi kwamfuta ta kebul, ka danna sau biyu. In sabuwa ta fito, ka sauke ka ɗora a kan tsohuwar. Ka guji shafukan da ke tara manhajoji barkatai, domin a nan ake kwaso ƙwayar cuta.

Idan Ubuntu ce ko Debian

A nan mutane ke tuntuɓe. Na taɓa sauke fayil ɗin .deb na VLC shi kaɗai, na kai wa ɗan'uwana ƙauye, ya ƙi shiga, kuɗin mota suka tafi a banza. Dalili kuwa manhaja a Linux tana dogara da wasu ƙananan manhajoji, su ma suna dogara da wasu. Kada ka yi hasashensu. Bari kwamfutar ta rubuta maka jerin abin da ta rasa da kanta.

1. A kwamfutar, buɗe Terminal ka rubuta:
`apt-get install --print-uris -qq vlc | cut -d"'" -f2 > jeri.txt`
Wannan ba ya saka komai, adireshin duk fayilolin da ake buƙata kawai yake tarawa a jeri.txt.

2. Tura jeri.txt zuwa foldar Download ta wayarka.

3. Idan ka samu sabis, buɗe Termux a wayar Android, ka rubuta `termux-setup-storage`, sai `pkg install wget`, sai `cd ~/storage/downloads`, sannan `wget -i jeri.txt`.

4. Kwashe duk fayilolin .deb zuwa folda ɗaya a kwamfutar, ka buɗe Terminal a cikinta, ka rubuta `sudo dpkg -i *.deb`.

Idan ka ga 404

Wannan na nufin kundin sunayen manhajojin da ke cikin kwamfutar ya tsufa, har an cire waɗannan fayilolin an sa sababbi. Maganinsa manhajar apt-offline, wadda ita ma sai ka fara sakawa, kuma kana buƙatarta a wata kwamfutar mai intanet, ko ta aboki ce.

A marar intanet: `sudo apt-offline set jeri.sig --update`
A mai intanet: `apt-offline get jeri.sig --bundle kaya.zip`
Ka dawo: `sudo apt-offline install kaya.zip`

Kundin ya sabunta ke nan. Sai ka maimaita zagayen, ka sa `--install-packages vlc` a madadin `--update`, daga ƙarshe ka rubuta `sudo apt install vlc`. Zuwa biyu ne, saboda haka ka shirya tun farko.

Gajeriyar hanya

Wasu manhajoji, kamar Krita da Kdenlive, suna da nau'in AppImage: fayil ɗaya da ya ƙunshi kusan duk abin da yake buƙata. Ka ba shi izini da `chmod +x` haɗe da sunan fayil ɗin, ka danna. Ya fi nauyi, amma ba ya sa ka zirga-zirga.

Kafin ka bar inda ke da sabis, ka kwafi lambar SHA256 ta fayil ɗin daga shafin, ka gwada ta a kwamfuta da `sha256sum`. In ba su zo ɗaya ba, fayil ɗin bai sauka daidai ba ko an taɓa shi, kada ka saka shi.